Kwana Biyar Ba a Buɗewa

Litinin, ƙarfe goma na safe

Duk shekara in sabbin ɗalibai suka shigo ajina na wankin ciwo, da tambaya ɗaya nake fara musu. Wane ciwo ne ya kama hanyar warkewa: busasshe mai baƙin ɓawo, ko ja mai danshi wanda da an taɓa shi sai ya tsattsafo da jini? Kusan dukkansu busasshen suke nunawa. Ni ma shi na nuna lokacin da nake kan bencinsu. To ba haka ba ne. Baƙin nan mataccen nama ne, kuma a ƙarƙashinsa cuta take samun wurin kwana. Jan nan mai gudaji-gudaji kamar cikin kankana, shi ne jiki yake gina kansa daga ƙasa. Nakan ce musu, in kun ga ja, ku yi murna.

Shekara goma sha tara ina faɗin wannan a gaban allo. Yau a bencin ƙofar ɗaki na huɗu nake rubuta shi, don hannuna ya sami abin riƙewa. Maigida na ciki. Likita ya fito yanzu ya ce wurin ya yi ja. Na ce Alhamdulillahi. Na nemi murnar a raina ban same ta ba.

Zan rubuta abin da ya faru sau ɗaya, ba zan sake ba. Ƙurji ne ya fito masa a matsematsi, ga shi da ciwon suga. Ya ɓoye kwana tara. Yana zuwa shagonsa na kafinta yana dawowa, yana tafiya kamar mai ciwon baya, ni kuma ina shafa masa magani a baya. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, cutar ta riga ta ci fatar jakar marainansa da wani sashe na fatar gabansa. Sau uku aka shiga da shi tiyata cikin kwana goma sha biyu, kowace shiga a yanke abin da ya mutu. Yanzu babu fata a can. Daga yau "wurin" zan riƙa cewa.

Kwana tara, kuma gadonmu ɗaya.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Yayarsa ta zo. Mun gaya wa dangi ƙafa ce.

"Ƙafa?" in ji Yaya, tana kallon bargon da aka ɗora a kan ƙarfe don kada ya taɓa shi. "Wace irin ƙafa ce ake yi wa rumfa? Kai, buɗe in gani. Ni na riƙa yi maka wanka har ka shiga makaranta."

"Haba Yaya," ya ce, "wannan wankan ai ya daɗe da bushewa."

Ta yi dariya har da tafa cinya, sannan ta juyo kaina. "Ke kuma Malama, kina can kina koya wa 'ya'yan mutane, naki na gida ya lalace a hannunki. Da ni ce shugabar makarantarku da na mayar da ke aji ɗaya."

Tsokana ce irin wadda muka saba tun ina amarya. Na yi dariya. Na ɗauki kofinsa na fita wankewa, kofin da na wanke da safe ba a sha komai a ciki ba.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Likitan gyaran fata ya zauna da mu yau. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, kuma ba ya magana sai da biro a hannu. Ya zana mana komai a bayan takarda.

Ranar Litinin zai yanko fata daga cinyar dama, siririya kamar ɓawon albasa. Zai yi mata ƙananan tsage-tsage ta zama kamar raga, don ta miƙe kuma ruwa ya sami hanyar fita. Zai shimfiɗa ta a wurin, ya ɗora auduga mai maiƙo, ya ɗaure ta da zare ta danne sosai. Kwana biyun farko fatar ba ta da jijiya ko ɗaya, ruwan naman da ke ƙarƙashinta take sha. Daga nan sai ƙananan hanyoyin jini su fara tasowa suna kama ta, waɗanda gashin kai ya fi su kauri. In fatar ta zame ko da kaɗan ne, sun tsinke. Saboda haka kwana biyar ba a buɗewa, ba a leƙawa, ba ya tashi, robar fitsari tana nan.

Maigida ya saurara har ƙarshe, sai ya ce, "Ashe aikinmu ne, Likita. Ka shafa gam, ka matse katako, ka tafi ka sha shayi. Wanda ya ɗaga don ya ga ko ya kama, shi ya ɓata aikin."

Likita ya ce zai ɗauke shi aiki in ya warke. Ya juyo ya ce, "Malama, ke ba sai na yi miki dogon bayani ba."

Na ji daɗin wannan maganar, na furta a nan. Da rana har na tsara yadda zan koyar da darasin in na koma aiki, da takardar shafe baki da soso mai ruwa. Yaran za su so shi.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Maigida ya tambaye ni ko zai koma kamar da. Na fara yi masa bayanin yadda fata take ɗaukar wata shida kafin ta yi laushi. Ya ce, "Ba wannan na tambaya ba, Malama." Na gyara masa matashi.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

An fito da shi. Likita ya ce fatar ta kwanta lafiya lau. Kwana na ɗaya daga gobe.

Sista mai kula da sashen ɗalibata ce, shekara goma sha biyar da suka wuce. Yanzu ita ke ba da umarni, nas-nas suna rawar jiki in ta shigo, amma har yau ba ta iya zama in ina tsaye. Ta ce a bar ni in zauna a ɗakin ko ba lokacin ziyara ba. "Ai Malama ce ta koya mana," ta gaya musu. An kawo mini kujera mai hannu.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Cinyar ce take masa ciwo, ba wurin ba. Haka ake yi, na gaya masa, inda aka yanko ya fi inda aka dasa zafi. Ya ce to a mayar masa da kayansa.

Bandejin fari tas. Na duba sau shida.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Fari, sai ɗan ɗigo a gefen hagu, kamar kan ashana.

Ba ya son in zauna ta ƙafafunsa. Ya ce in dawo ta kai.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Ɗigon ya kai faɗin babban yatsa, launinsa ruwan ƙasa. Na nuna wa Sista. Ta ce ruwan jiki ne, zafin jikinsa daidai yake, sugansa ma ya sauka. Na ce ina jin wani wari. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce ita ba ta ji ba. Ta zagaye tabon da biro don a ga ko zai ƙaru, kamar yadda na koya mata.

Abin da nake gaya wa ɗalibai tun ranar farko shi ne, kada ku yarda da bandeji, ku buɗe ku gani da idonku. Nakan sa su maimaita. Wancan karon warin yana nan a ɗakinmu, a zanen gado, na ce gumin aiki ne.

Alhamis, ƙarfe uku da rabi na rana

Yana barci. Babu kowa a baranda.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ba abin da ya faru yau.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Babu mugunya. Da akwai da na gani.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Gefe ɗaya ne kawai. Na wanke hannu sau biyu, na sa safar hannu. Bai kai faɗin farce biyu ba. Audugar ta ɗan manne, shi ke nan, kuma na mayar da ita yadda take.

Yau bai yi magana da yawa ba. Ya ce kansa ke ciwo.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana

An buɗe.

Sun ce in tsaya ta kansa, na tsaya, amma daga nan ma ana gani. Fatar da ta kama takan yi ja-ja, ta manne kamar a nan aka halicce ta. Ta gefen dama haka take, wajen kashi ɗaya cikin uku. Sauran toka-toka ce, ta tattare wuri guda kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Likita ya taɓa ta da hantsaki, ta biyo shi.

Ya ajiye hantsakin. Sannan ya lissafo dalilai: ko cuta ce ta rage a ƙasa, ko ruwa ya taru, ko suga, ko motsi cikin barci. Ya ce abin ya ba shi mamaki, don naman ya yi kyau ranar Litinin. In naman ne ba ya karɓar dashe, to sai babban aiki: a yanko fata mai kauri da namanta da jijiyarta daga cikin cinya a juyo da ita ta rufe wurin. Awa huɗu a tiyata, ga zuciyar Maigida ba ta yaro ba ce. Ya ce zai yanke shawara ranar Talata.

Maigida yana kallon silin. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ni ce ban ce amin ba.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Na je gida ɗauko masa riguna. Na tsaya a shagonsa da ke jikin gidan. Akwai wata kujera da ya bari a matse da ƙarfe tun kafin ya kwanta, garin katako ya rufe ta. Na share ƙasa, na jera zartuna, ban taɓa kujerar ba.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sista ta kira ni ɗakin ajiye kayan wanki, ta rufe ƙofa. Ba ta zauna ba, ni ma ban zauna ba.

"Malama, zan yi miki tambaya, ki gafarce ni."

Na ce ta yi.

"A sashen nan almakashi muke sa wa filasta. Ranar Asabar da na zo cirewa, na ga ɗaya a gefen hagu an yage ta da hannu, an lanƙwasa bakinta don ta yi sauƙin ɗagawa. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake yin haka. Sau nawa kika buge mana hannu a kan mu lanƙwasa bakin filasta?"

Na ce gefe ɗaya ne kawai.

"Na sani."

Na ce na ji wari.

"Na sani, Malama." Idonta ya kawo ruwa, ita da ba ta yi komai ba. "Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Likita yana zaton naman ne. Gobe zai sa a shirya babban aiki. In ya san zamewa ta yi, dashe zai sake, minti arba'in an gama. Ko ki faɗa masa, ko ni in faɗa. Na fi son ya ji daga bakinki."

Na ce ta yi daidai. Har na ji kaina ina cewa, "Madalla, haka ake yi," kamar tana gabana a jarrabawa.

Talata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Na faɗa masa a baranda, yana tsaye da fayil a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi rana, ya tambayi wane gefe, ya tambaya ko audugar ta ja fatar da na ɗaga. Na ce ta ja. Ban taɓa faɗin wannan ba, ko a nan.

Ya ce, "To. Aƙalla mun san naman lafiyarsa ƙalau." Ya rubuta wani abu. Sai ya ce, "Fatar cinya ba ta da yawa, Malama. Saura ɗaya."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na ja kujera ta kansa na fara. Ban kai rabi ba ya tare ni.

"Ido biyu nake."

Ban gane ba.

"Ranar Alhamis. Ba barci nake ba. Na ji ƙarar safar hannu, na ji kin ɗaga, na ji abu ya ja."

Na ce me ya sa bai hana ni ba.

"In buɗe ido in gan ki a sunkuye a kan wurin?" Ya juya fuska bango. "Shekara ashirin da shida, ban taɓa son ki gan ni a haka ba. Shi ya sa na yi shiru wancan karon, shi ya sa na yi shiru wannan. Kowa da irin tasa wautar. Ke ba ki iya barin abu a rufe, ni ban iya buɗe baki."

Na ce ya yafe mini.

"Na yafe tun ranar." Ya juyo ya dube ni. "Amma in an sake, ki zauna a waje. Ba fushi ba ne, Malama. Ki zauna a waje kawai."

An fitar da kujerar mai hannu kafin in tafi. Ban ga wanda ya fitar ba.

Juma'a, ƙarfe goma sha biyu na rana

An yi, daga cinyar hagu.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Benci.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Yaya ta zo, ta same ni a waje. "Au, an kore ki ke nan? Me kika yi masa?" Na ce zafi ne a ciki. Ta shiga, ta daɗe, ina jin dariyarsu ta ƙofa. Da ta fito ba ta tsokane ni ba. Ta zauna kusa da ni ta kama hannuna ta riƙe a cinyarta, ta ce hannuna ya yi sanyi. Ban san abin da ya gaya mata ba.

Litinin, ƙarfe uku da rabi na rana

Kwana na uku. Na zauna a kan tafin hannuwana har suka mutu.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

An buɗe. Ban shiga ba, Likita ne ya fito ya same ni.

Wajen rabi ta kama. Naman ya gaji, in ji shi, makonni da yawa yana buɗe, ba kamar karon farko ba. Sauran za a bar shi ya cike da kansa daga gefe. Zai cike, amma da tabo, kuma tabo ja yake yi yana tsuke abin da ke kusa da shi. Zama zai yi masa wuya. Wasu abubuwan ma za su yi wuya, bai ambace su ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan shekara a duba ko za a iya sassauta tabon.

Na tambaye shi, da ta farkon ta zauna fa?

Ya ce, "Ba na amsa irin wannan tambayar."

Na san amsar. Ni nake koyar da ita.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Mun dawo gida jiya. Sista ta koya masa wankin da kansa, da madubi da ruwan gishiri. Ita ta haɗa masa kayan a kwali, ta rubuta matakan da manyan baƙaƙe.

Yanzu yana banɗaki, ya sa sakata. Ina jin ƙarar almakashi. Ina jin ya ja numfashi ta haƙora. Daga yadda ruwan yake zuba na san ya riƙe kwalbar da nisa, kuma ya fara daga gefe maimakon tsakiya. Na buɗe baki na rufe.

Minti hamsin ya yi. Ni minti goma nake yi.

Ya fito yana tafiya a buɗe, ya ce, "An gama, Malama, ba sai kin ba ni maki ba." Ya yi murmushi. Ya kai kwalin ɗakin baƙi, can ya ce zai riƙa kwanciya saboda katifar ta fi tauri.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Har yau yana ɗakin baƙi. Tauri dai.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Gobe zan koma aji. Na nemi a ba wani darasin dashen fata, shugaba ta ce babu wanda ya kai ni. Yara talatin da biyu, masu kaifin kai, masu son aikin, hannuwansu na ƙaiƙayi su taimaka. Ina son su, shi ya sa nake jin tsoro.

Ranar Juma'a na ɗiga tawada a damtsena na rufe da filasta, na ce sai bayan kwana biyar. Ba ciwo ba ne, na san abin da ke ƙasa, ni na sa shi. Jiya da hantsi ina yanka albasa na ga na riga na ɗaga gefe. Ban ma san lokacin da na yi ba. Kwana ɗaya da 'yan awoyi.

Ga abin da zan ce musu, in muryata ta yarda. Kowa ya miƙo hannu. Wanda ke kusa da ke zai rubuta wani abu a damtsenki, ba za ki gani ba, ya rufe da filasta. Kwana biyar. Za ta yi ƙaiƙayi, gefenta zai yi baƙi, za ki tabbata wani abu ya lalace a ƙasa. Kada ki taɓa. Ranar Asabar ku zo ku gaya mini gaskiya, a wace rana kuka ɗaga, kuma me kuka gaya wa kanku kafin ku ɗaga. Ku gwada a kan fatarku tukuna, tun ba a ba ku ta wani ba.

Na sa sabuwa yanzu, a hannun hagu. Da almakashi na yanke ta.